Daɓe Da Makuba: Ilmin Kimiyyar Da Ke Ƙarƙashin Tabarma

Duk wanda ya tashi a ƙauye ko a tsohon gari a ƙasar Hausa ya san daɓe. Shi ne ƙasan ɗaki da ake yi da tsakuwa da jar ƙasa, a yi ta dukansa da madaɓi ana yayyafa masa ruwan makuba, har ya yi tauri da sulɓi, ya ɗauki launi mai duhu. Daɓen da ƙwararrun mata suka yi yakan shekara da shekaru ana shara ana shimfiɗa tabarma bai farfashe ba. Amma da za a tambayi ɗalibin sakandare dalilin da ya sa ruwan ɓawon ɗorawa yake ƙarfafa ƙasa, da wuya ya ba da amsa, domin ba a saba kawo irin wannan tambaya cikin aji ba. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin amsa ta. Za mu ɗauki ƙasar Birnin Gwari da dajinta a matsayin misali, sa'an nan mu ƙetare teku zuwa nahiyar Amurka, wurin wata al'umma da ake kira Maya, wadda maginanta suka gano irin wannan dabara ba tare da sun taɓa jin labarinmu ba.

Ƙasa Da Dajin Birnin Gwari

Magini ba ya gini sai da abin da ƙasarsa ta ba shi. Ƙasar Birnin Gwari, a yammacin Jihar Kaduna, tana zaune ne a kan tsofaffin duwatsu masu tauri, irin waɗanda ake samun zinariya a jikinsu. Zafin rana da ruwan damina na dubban shekaru sun ruɓar da saman duwatsun nan, suka bar jar ƙasa da marmara. Jan launin ya samo asali ne daga ƙarfen da ke cikin ƙasar, wanda ya haɗu da iska ya yi tsatsa, kamar yadda tsohuwar fartanya ke yi idan an bar ta a waje. Mai karatu ya riƙe wannan batu na ƙarfe, domin za mu komo kansa.

A kan wannan ƙasa ne dajin ya tsiro. An keɓe wani yanki nasa a matsayin gandun daji na En'e a shekarar 1936, kuma a 1999 Gwamnatin Tarayya ta ɗaga shi ya zama Gandun Daji na Ƙasa na Kamuku, mai faɗin murabba'in kilomita 1,121. Itatuwan da suka fi yawa a ciki sun haɗa da doka da baushe da taura da maje da kaɗanya da ƙirya da maɗaci. Ɗorawa ta fi son gonaki da saurukan da ke gefen gari, inda manomi kan bar ta idan yana sassabe, ita kuwa giginya ta fi son fadama da bakin rafi. Daga cikin waɗannan ne magini yake samun azara ta rufi, da makuba ta daɓe da yaɓe, da dafara ta laso.

Yankin yana da alaƙa da tarihin ginin Hausa. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, shi ne ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Masu ba da tarihin baka suna cewa a Birnin Gwari ya yi aikinsa na ƙarshe, a can kuma ajali ya same shi. Duk bakan gizon da ya ɗaure a masallacin Zariya, da ƙasa da azara ya yi shi.

Yadda Ake Yin Daɓe

Daɓe aikin mata ne, kuma galibi gayya ake yi masa, musamman idan za a kawo amarya. Da farko sai a share ƙasan ɗakin a daidaita shi. Sai a zuba jar ƙasa, a baza tsakuwa ko marmarar da aka farfasa a kanta, a yayyafa ruwa. Daga nan mata su jeru, kowace da madaɓinta, wato guntun icce mai faɗi a ƙasa da mariƙi, su shiga duka suna waƙa. Waƙar tana daidaita saukar madaɓai, ta kuma rage gajiya. Ana cikin duka ana yayyafa ruwan makuba, wato ɓawon 'ya'yan ɗorawa da aka daka aka jiƙa ko aka dafa. A wasu wuraren ruwan bagaruwa ake sawa. Akan maimaita dukan da yayyafin kwanaki a jere, duk inda tsaga ta bayyana a bi ta a rufe, har daɓen ya bushe.

Abu biyu ne ke faruwa a nan, kuma kowanne yana da bayani a kimiyyance.

Na farko shi ne danna ƙasa. Ƙasar da aka zuba sakwa-sakwa cike take da ƙananan ramuka na iska. Duka yana korar iskar, ya sa ƙananan ƙwayoyi su shige tsakanin manya, tsakuwa ta riƙe tsakuwa. Ruwa yana taimaka wa ƙwayoyin su zame su zauna daidai, amma da ƙa'ida. Idan ya yi kaɗan ƙasar ba za ta dannu ba, idan kuwa ya yi yawa yumɓun da ke ciki zai kumbura, ya tsattsage in ya bushe. Injiniyoyin hanya suna auna wannan ƙa'ida a ɗakin gwaji kafin motar daɓe ta hau kan titi. Tsohuwar da ke shugabantar gayya da tafin hannunta take auna ta.

Na biyu shi ne aikin makuba, kuma nan ne ilmin tsirrai ya shigo.

Sinadarin Bauri

Wanda ya taɓa tauna goro ko ɗanyen ɗan itace ya san bauri, wato yadda baki ke ɗaurewa. Abin da ke jawo shi wani sinadari ne da masana ke kira tanin. Tsiro yana tara shi a ɓawo da ganye da kwasfar 'ya'ya don ya kare kansa daga ƙwari da dabbobi da ƙwayoyin da ke sa ruɓa. Tanin yana da hali na kama wasu abubuwa ya riƙe su tamau. Idan ya haɗu da furotin na cikin miyau sai ya dunƙule shi, shi ya sa baki ke ɗaurewa. Idan ya haɗu da furotin na fata sai ya hana ta ruɓa, kuma wannan shi ne asirin bagaruwa a hannun majema. Idan kuwa ya haɗu da ƙarfe sai su ƙulla wani sabon sinadari mai baƙin launi wanda ba ya saurin narkewa a ruwa. Dukawa sun daɗe da sanin haka, domin kulokon da suke baƙanta fata da shi daga ƙarfe ake yin sa, kuma baƙin yana fitowa ne idan ya taɓa fatar da ta sha bagaruwa.

To, mun riga mun ce jar ƙasa cike take da tsatsar ƙarfe. Ruwan makuba kuwa cike yake da tanin. Idan suka haɗu, sai tanin ya kama ƙarfen da ke lulluɓe da ƙwayoyin ƙasa, ya ɗaure su da juna, ya toshe wasu daga cikin ƙofofin da ruwa ke bi. Shi ya sa daɓe yake yin duhu, shi ya sa kuma ruwa ba ya saurin cin sa. Masu bincike a Jami'ar Wagadugu ta Burkina Faso sun gwada ruwan kwasfar ɗorawa a kan yumɓu da yashi, suka tarar tanin yana haɗuwa da ƙarfen ƙasar, ƙarfin tubalin kuma yana ƙaruwa. A kudancin ƙasar tasu, matan ƙabilar Kasena na garin Tiyebele suna shafe zanen bangonsu da dafaffen ruwan kwasfar ɗorawa don ya jure damina. A shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sanya fadar garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Maya Da Farar Ƙasarsu

Maya al'umma ce da ke zaune a kudancin Meziko da Gwatamala da Beliz da yammacin Honduras, kuma har yau akwai miliyoyin jikokinsu masu magana da harsunansu. Tsakanin shekara ta 250 da ta 900 Miladiyya biranensu irin su Tikal da Kopan sun kai gaɓar ƙasaita, da dogayen gine-gine masu siffar dala, da rubutu nasu na kansu, da lissafin taurari. Duk wannan sun yi shi ba su da kayan aiki na baƙin ƙarfe, ba su da jaki ko raƙumin ɗaukar kaya.

Abin da ƙasarsu ta ba su ya bambanta da namu. Yawancin yankin, musamman Yukatan, yana kan dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato ana yin siminti. Maya sukan fasa dutsen su ƙona shi da wuta mai zafin digiri 800 zuwa 900 a ma'aunin Salshiyas. Zafin yana korar iskar kabon daga jikin dutsen, har tsantsar dutse mai nauyin kilo 100 ya koma kamar kilo 56. Idan aka zuba wa ƙonannen dutsen ruwa sai ya tafasa ya narke ya zama farin kwaɓi. Sai a gauraya shi da wani farin gari mai laushi da suke haƙowa daga ƙasa, wanda suke kira saskab, a shafe gini da shi. Yana bushewa yana zuƙar iskar kabon daga sarari, a hankali ya sake komawa dutse. Wato an narkar da dutse ne, an ba shi siffar da ake so, aka bar iska ta mayar da shi yadda yake.

Tsarin daɓensu hawa-hawa ne. Manyan duwatsu a ƙasa, ƙananan tsakuwa a kansu, sa'an nan kwaɓin farar ƙasa a sama, a danna a goge har ya yi santsi. Idan ya tsufa sukan shimfiɗa sabo a kan tsohon, don haka masu haƙar kayan tarihi kan tarar da daɓe bisa daɓe, su yi amfani da su wajen gane wane gini ne ya riga wane. A Tikal an karkatar da daɓen manyan filaye kaɗan, yadda ruwan sama zai gangara cikin tafkunan da birnin ke sha da rani. Sun kuma shimfiɗa fararen hanyoyi, mafi shahara ita ce wadda ta haɗa Koba da Yashuna, mai tsawon kimanin kilomita 100.

Ɓawon Icce A Cikin Kwaɓi

Abin da ya daɗe yana ba masana mamaki shi ne yadda wannan shafe ya jure ruwa da zafi fiye da shekara dubu. A Kopan, a shekarar 1989, an gano wani ɗakin bauta da aka sa wa suna Rosalila, wanda aka gina a ƙarni na 6, adon jikinsa da launinsa suna nan. Tun ƙarni na 16 wani limamin Kirista ɗan Sifaniya mai suna Diego de Landa ya rubuta cewa maginan Yukatan suna amfani da ruwan ɓawon icce a aikin shafe.

A shekarar 2023 wasu masana na Jami'ar Granada ta Sifaniya, ƙarƙashin jagorancin Carlos Rodriguez-Navarro, suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan shafen Kopan. Sun nemi shawarar maginan gargajiya na yankin, suka kwaɓa sabuwar farar ƙasa da ruwan ɓawon itatuwa biyu, cukum da hiyote, suka kwatanta ta da tsohuwar a ƙarƙashin madubi mai ƙarfi. Sai suka tarar sinadaran tsiron, waɗanda dangin sitaci da ƙaro ne, sun shige har cikin ƙwayoyin dutsen yayin da suke girma. Wannan ya sa shafen ya fi jure matsi ba tare da ya tsage ba, ya kuma rage narkewa a ruwa. Haka kwanson dodon koɗi yake: farar ƙasa ce da dabbar ta saƙa da ɗan furotin, shi ya sa ya fi allin makaranta ƙarfi nesa ba kusa ba.

Ga mai nazarin tsirrai akwai wani abin lura. Cukum, wanda sunansa na kimiyya Havardia albicans, ɗan gidan su wake ne, kuma reshe ɗaya suka fito da ɗorawa, wato Parkia biglobosa, da bagaruwa. Ɓawonsa yana da tanin mai yawa, mutanen Yukatan ma suna jima da shi. Al'ummu biyu da teku ya raba sun je daji, sun gwada, sun dawo da itatuwa 'yan gida ɗaya.

Laso Da Azara

Abin da ya fi kusa da shafen Maya a wurinmu shi ne laso, wanda ake shafe rufin soro da cikin rijiyar marina da shi. Ana haɗa shi da katsi, wato dattin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, wanda ake kwasowa a busar a ƙona, da gashin awaki daga majema, da ruwan dafara. Toka tana cikin kayan haɗin rini, tokar icce kuwa tana ɗauke da kalsiyam mai yawa, wato sinadarin da ke cikin dutsen farar ƙasa. Bahaushen da ba shi da wannan dutse a kusa ya samo ɗan'uwansa ta hanyar icce. Gashi yana riƙe kwaɓin kada tsaga ta yi nisa. Yauƙin dafara kuwa dangin sinadaran nan ne da aka gano a shafen Kopan. Sanya tsohon laso a ƙarƙashin irin wancan madubi aiki ne da ya dace sassan kimiyya na jami'o'inmu su ɗauka.

Azara kuma daga gangar giginya ake tsaga ta. Bayan gangar cike yake da baƙaƙen zarurruka masu tauri waɗanda gara ba ta cika iya ci ba, kuma magina sun fi son ta namijin giginya. Sandar azara ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazara ta wuce kamar mita 2, kuma wannan iyaka ce ta sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga don su rufe manyan ɗakuna. Su ma Maya suna da nasu icce, sapote, wanda dogaran ƙofa da aka sassaƙa da shi a Tikal suka kai fiye da shekara 1,200.

Darasin Da Ke Cikin Wuta

Farar ƙasa tana da tsada a wajen daji. Gwaje-gwajen da aka yi da tsohuwar hanyar ƙona dutse a fili sun nuna ana buƙatar icce kimanin ninki biyar na nauyin farar ƙasar da za a samu. Richard Hansen, wanda ya shafe shekaru yana haƙa a tsohon birnin El Mirador na Gwatamala, yana ganin yawan shafe mai kauri ya taimaka wajen cinye dajin yankin, zaizaya ta binne ƙasar noma ta fadamu, har aka watse daga birnin wajen shekara ta 150 Miladiyya. Wasu masanan ba su yarda laifin ya kai haka ba. Suna nuni da ramukan ƙona dutse da aka gano a arewacin Yukatan waɗanda ba su cin icce da yawa, suna kuma kawo batun fari da yaƙe-yaƙe. Duk da saɓanin, ɓangarorin biyu sun yarda cewa ginin birni yana rataye ne a wuyan daji.

Daɓen Hausa bai buƙatar a sare icce ko ɗaya. Makuba ɓawo ne da ke saura bayan an cire garin ɗorawa an sha, an cire kalwa an yi daddawa. Amma yana buƙatar ɗorawa ta kasance a tsaye. Ɗorawa takan yi shekaru kafin ta fara 'ya'ya, kuma jemage da ƙudan zuma ne ke ɗaukar mata ƙwayar haihuwa daga fure zuwa fure. Mai gawayi zai iya kayar da ita cikin yini guda. Giginya ta fi ta jinkirin girma, ga shi ana cin muruci tun bai zama icce ba.

Birnin Gwari ta sha fama da 'yan bindiga fiye da shekara goma, ƙauyuka da dama suka watse, kafin sulhun da Gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla a watan Nuwamba na 2024. Ɗakin ƙasa da aka bari damina biyu ko uku ba yaɓe, rushewa yake yi. Wanda ya koma kufai don ya sake gini, in ba shi da kuɗin siminti, da jar ƙasa da makuba zai fara, kuma zai nemi tsohuwar da ta san ƙa'idar ruwa. Irin waɗannan tsofaffi suna ƙarewa.

Wannan ba kira ba ne a ƙi siminti. Ƙasan ɗaki mai ƙura da tsaga maɓoyar ƙwai na tsutsar ciki ne da ƙuma, kuma yara masu rarrafe su ne ke fara kamuwa. A Jihar Kowawila ta Meziko, wani shiri da aka fara a shekarar 2000 ya mayar da ƙasan ɗakunan talakawa na siminti, kuma binciken da aka buga a 2009 ya nuna cututtukan tsutsar ciki da gudawa sun ragu ƙwarai a tsakanin ƙananan yara. Abin da lafiya ke buƙata shi ne ƙasan ɗaki mai tauri, marar tsaga, mai sharuwa da goguwa. A ɗaya gefen kuma, masana'antar siminti ita ke fitar da kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki, wadda ke ɗumama duniya. Shi ya sa a Ruwanda, tun 2014, wata ƙungiya mai suna EarthEnable take yi wa mutane daɓen ƙasa tana rufe samansa da wani mai da ke bushewa ya yi tauri. Daɓenmu yana da asali mai kyau da za a ɗora irin wannan gyara a kansa.

Gwaji Don Aji

Malamin kimiyya zai iya nuna duk wannan ba tare da kayan aiki masu tsada ba. A jiƙa bagaruwa ko makuba a ruwa ta kwana, a tace, a raba kofi biyu. A jefa ƙusoshi masu tsatsa a ɗaya, a bar ɗayan haka nan. Bayan kwana ɗaya ko biyu a kwatanta launinsu. Sa'an nan a sami gwangwanaye uku masu girma ɗaya a cika su da jar ƙasa iri ɗaya. Na farko a kwaɓa da ruwa zalla a bar shi, na biyu a kwaɓa da ruwa zalla a daddanna, na uku a kwaɓa da ruwan makuba a daddanna daidai da na biyu. Idan sun bushe sarai a inuwa, a fitar da su a jera, a huda gindin gwangwani a riƙa ɗiga musu ruwa daidai wa daida, ɗalibai suna rubuta lokacin da kowanne ya fara zaizayewa. Bambancin na farko da na biyu shi ne aikin madaɓi, bambancin na biyu da na uku shi ne aikin makuba.

Daga ƙarshe, muna ba ɗalibai shawara su yi amfani da hutu su zauna da kakanninsu mata da tsofaffin magina na unguwa. A tambaye su irin ƙasar da suke zaɓa da inda suke haƙo ta, yawan makubar da ke isar ɗaki guda, kwana nawa ake jiƙa ta, da yadda suke gane ruwa ya isa. A rubuta amsoshin da sunan gari da shekara, a kai wa malami a ajiye a makaranta. Makarantar da ke da fili kuma, ta shuka kalwa ko da goma ce a farkon damina, ta kewaye su da ƙaya saboda awaki.